Yadda Ma'aikacin Tsare-Tsare Zai Mayar da Aikin Ofis Maƙalar Mujalla

Tambaya: Wani ma'aikaci a sashen tsare-tsaren karatu na ɗaya daga cikin manyan makarantun Kaduna ya rubuto yana cewa ya daɗe yana tattara alƙaluman ɗalibai da malamai, yana kuma shirya takardun tantance kwasa-kwasai, yanzu yana son ya fara aika maƙala ga mujallar ƙwararru kan tsara ilimi mai zurfi. Yana tambayar abin da zai rubuta, da mujallar da zai nufa, da ko ya halatta ya yi amfani da bayanan ofis, da yadda zai yi da mujallun da ke neman kuɗi kafin su buga.

Amsa: Malam, tambayoyi huɗu ka yi, amma ta farkon ita ce uwa, domin idan ka san abin da za ka rubuta, sauran za su zo da sauƙi. Jarinka a wannan fage yana cikin ofishin da kake zaune. Malamin da ke koyar da tsara ilimi a aji ya san ka'idoji, amma sau da yawa bai taɓa zama a taron da aka yanke yawan ɗaliban da wani sashe zai ɗauka ba, bai ga yadda tsangayoyi biyu ke jayayya kan ɗakin lacca guda ba, bai kuma san irin gumin da ake yi kafin alƙaluman magatakarda su yi daidai da na ma'aji ba. Kai ka gani da idonka. Maƙalar da mujallar ƙwararru ke ƙishirwa ita ce wadda ta ɗauki shawara guda da aka yanke a wata makaranta, ta nuna bayanan da aka dogara da su, da hanyar da aka bi, da abin da ya biyo baya, sannan ta gaya wa mai irin aikinka a wata makarantar abin da zai iya ɗauka da abin da ba zai yi masa aiki ba.

Na fara da wannan ne saboda maƙalu da dama da suke ratsawa ta hannuna domin bita iri ɗaya ne: take mai faɗi kamar matsalolin ilimi mai zurfi a Najeriya da mafitarsu, sai shafuka na ma'anar tsari da ma'anar jami'a da aka kwaso daga littattafai, sai jerin ƙarancin kuɗi da yajin aiki da cunkoson ɗalibai da ficewar malamai zuwa ƙasashen waje, sai a rufe da kira ga gwamnati ta ƙara kasafi. Babu ƙarya a cikin jerin, amma babu abin da mai karatu bai sani ba, kuma babu darakta ko shugaban makaranta da zai karanta ya canza abu guda a aikinsa washegari. Wannan yana damuna ƙwarai, domin mutanen da suka fi kowa sanin yadda makarantunmu ke tafiya su ne suka fi yin shiru, an bar fagen ga rubutun da aka yi don cike gurbi a takardar neman ƙarin girma.

Bari in ba ka misalin irin tambayar da nake nufi, daga abin da kake taɓawa kullum. Ka san ma'aunin da hukumar NUC mai kula da jami'o'in Najeriya ta daɗe tana aiki da shi: malami 1 ga ɗalibai 30 a fannonin adabi da zamantakewa da ilimi da shari'a, 1 ga 20 a kimiyya, 1 ga 15 a injiniyanci da noma, 1 ga 10 a likitanci, sannan a rabon muƙamai a so a ga kashi 20 cikin 100 farfesoshi da masu bi musu, kashi 35 manyan malamai, kashi 45 na ƙasa da su. A ce akwai sashen lissafi mai ɗalibai 240 da malamai 12. A takarda ya cika ma'auni, 1 ga 20. Amma wannan sashen yana koyar da 'yan ajin farko 1,500 daga wasu sassa wani kwas mai awo 3 (wato credit unit, ma'aunin nauyin kwas), a zangon da cikakken nauyin ɗalibi awo 18 ne. Idan ka ninka 1,500 sau 3 ka raba da 18, za ka sami 250, wato nauyin da ya yi daidai da ƙarin cikakkun ɗalibai 250. Nauyin sashen ya koma 490, kusan 1 ga 41, kafin a cire kwasa-kwasan da ɗalibansa ke ɗauka a wasu sassa. Idan ka yi wannan lissafi ga dukkan sassan makarantarku na shekaru biyar, ka nuna inda ƙidayar kawuna ta ɓoye gaskiya, ka nuna ko an taɓa raba guraben ɗaukar malamai bisa lissafin na biyu da abin da hakan ya haifar, to ka rubuta maƙalar da mai tsare-tsare a Ilorin ko Nairobi zai karanta har ƙarshe. Tambaya ce ƙarama, amma tana da amsa, kuma amsar tana hannunka.

Irin waɗannan tambayoyi suna da yawa a kewayenmu. A watan Disamba na 2022 NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhajar karatun jami'o'i ta CCMAS, wadda ta riƙe kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Wa ya zauna ya tsara kashi 30 ɗin a makarantarku, me aka saka a ciki, kuma an duba ko akwai malamai da ɗakunan gwaje-gwajen da za su ɗauke shi? Yajin aikin ASUU na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu ya ƙare 14 ga Oktoba, ya zo kuma a bayan dogon yajin 2020 da rufe makarantu saboda korona, har wasu jami'o'i suka soke shekarar karatu, wasu suka haɗa rukunin ɗalibai biyu a aji ɗaya. Wace hanya kuka bi, kuma me ta jawo a ɗakunan kwana da jadawalin jarrabawa da lokacin kammala karatu? A jiharmu ta Kaduna an ƙara kuɗin makaranta a manyan makarantun gwamnatin jiha a 2021, aka rage a 2023. Wanda ke da alƙaluman rajista na kafin ƙarin, da na tsakani, da na bayan ragin, a rarrabe bisa jinsi da kwas da ƙaramar hukuma, yana riƙe da binciken da ba kasafai ake samun irinsa ba. Haka nan gudanar da jami'a a harabobi masu nisa da juna, kamar yadda Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, take da harabobi a Kaduna da Kafanchan, yana da nasa lissafin na zirga-zirgar malamai da ninka kayan aiki. Dokar 2023 da ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar bayar da digiri tare da NCE ita ma ta buɗe tambayoyi kan malamai da guraben karatu. Rabon guraben jami'o'in tarayya na kashi 45 ga cancanta, 35 ga yankin da makaranta take, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimi, da ma'aunin 60 da 40 tsakanin kimiyya da adabi, duk abubuwa ne da aka fi faɗa da baki fiye da yadda aka auna a aikace.

Idan kuma aikinka a kwalejin kimiyya da fasaha yake, ka yi sa'a sau biyu. Hedikwatar hukumar NBTE mai kula da kwalejojin fasaha, wadda aka kafa a 1977, tana nan Kaduna, kuma rubuce-rubuce kan tsara kwalejojin fasaha ba su kai na jami'o'i yawa ba, don haka ƙofa a buɗe take. Mai sha'awar tarihin tsari ma bai rasa abin yi ba a garin nan: Gidan Arewa da reshen ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa suna ajiye da takardun gwamnatin Jihar Arewa, kuma wanda ya zauna da su zai iya bin sawun yadda rahoton 1960 na kwamitin Ashby, wanda ya duba buƙatun Najeriya na ilimi mai zurfi, ya kai ga buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ya kwatanta hasashen wancan lokaci da abin da ya faru.

Game da mujalla, ka fara rarrabe gida biyu. Akwai mujallun masu aiki, waɗanda masu karanta su daraktocin tsare-tsare ne da ma'aji da masu kula da gine-gine da shugabannin makarantu. Fitacciya a cikinsu ita ce Planning for Higher Education, ta ƙungiyar SCUP ta masu tsare-tsaren manyan makarantu da ke Amurka, wadda ke fita sau huɗu a shekara, kuma abin da ta fi mayar da hankali a kai shi ne haɗa tsarin karatu da na kuɗi da na gine-gine wuri guda maimakon kowanne ya kama gabansa. Irin wannan mujalla tana son labarin aiki da darasinsa, ba ta son dogon bitar ka'idoji. International Higher Education, wadda cibiyar nazarin ilimi mai zurfi ta Kwalejin Boston ke fitarwa tun 1995, tana buga gajerun maƙalu ne masu magana ɗaya, kuma wuri ne mai kyau ga wanda zai iya bayyana wani sauyi a Najeriya a shafi biyu. Gida na biyu shi ne na mujallun bincike, irin su Higher Education Policy da Studies in Higher Education da Journal of Higher Education Policy and Management, waɗanda za su nemi ka ɗora aikinka a kan muhawarar da masana ke yi, ka kuma kare dabarun bincikenka dalla-dalla. A nahiyarmu akwai Journal of Higher Education in Africa ta majalisar binciken zamantakewa ta CODESRIA da ke Dakar, da International Journal of African Higher Education. A gida akwai mujallar ƙungiyar NAEAP ta masana gudanarwa da tsara ilimi, da mujallun tsangayoyin ilimi na jami'o'i. Ban raina na gida ba ko kaɗan, domin a nan ne masu yanke shawarar da ta shafe mu suka fi saurin gani, sai dai ingancinsu ya bambanta, kuma dole ka duba kowace da kanka.

Hanyar zaɓe ɗaya ce: ka karanta fitowa uku ko huɗu na baya-bayan nan na mujallar da ka sa a gaba, ka lura da tsawon maƙalu, da irin hujjar da suke kawowa, da wanda suke yi wa magana, sannan ka karanta ka'idojin marubuta ka bi su harafi da harafi. Idan kana fatan a lissafa maka maƙalar wajen ƙarin girma, ka duba ka'idojin makarantarku tun kafin ka fara, domin wasu ba sa ba mujallar masu aiki maki ɗaya da mujallar bincike, kuma tsarin ma'aikatan gudanarwa ya bambanta da na masu koyarwa. Wasu editocin suna maraba da gajeriyar wasiƙar imel da ke bayyana tambayarka da bayanan da kake da su kafin ka rubuta komai, kuma amsar da za su ba ka tana iya rage maka wahalar watanni.

Da zarar ka nufi mujallar waje, ka tuna mai karatunka bai san JAMB ba, bai san cewa an kafa ta a 1978 ba ko cewa tun 2017 ɗaukar ɗalibai yana bi ta manhajarta ta intanet mai suna CAPS, bai san bambancin ND da HND ba, bai san cewa TETFund, wadda dokar 2011 ta kafa a madadin asusun ilimi na 1993, daga harajin ribar kamfanoni take samun kuɗin da take gina yawancin sababbin ɗakunan lacca a makarantun gwamnati ba. Sakin layi ɗaya mai tsabta ya isa ya ba shi wannan shimfiɗa. Marubutanmu sukan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu, ko dai su cika shafi da gajerun haruffa ba bayani, ko su kwashe kashi ɗaya cikin uku na maƙalar suna ba da tarihin ilimin boko tun daga zuwan mishan. Ka faɗi abin da ake buƙata domin a fahimci shawarar da kake nazari, ka wuce.

Yanzu batun bayanan ofis, wanda shi ne ya fi buƙatar taka-tsantsan. Kasancewar fayil a teburinka bai mayar da shi naka ba. Ka rubuta takarda ta hannun daraktanka zuwa ga shugabancin makaranta, ka bayyana bayanan da za ka yi amfani da su da manufarka da inda kake son bugawa, ka karɓi izini a rubuce ka adana. Idan za ka yi hira da malamai ko ka raba wa ɗalibai takardun tambayoyi, ka nemi amincewar kwamitin ladubban bincike, domin mujallu da yawa ba sa karɓar irin wannan aiki sai da ita. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora alhaki a kan duk mai sarrafa bayanan mutane, saboda haka ka cire sunaye da lambobin rajista da duk abin da zai nuna mutum, ka kuma lura da ƙananan rukunoni: idan farfesa mace ɗaya ce a tsangaya, jadawalin da ya rarrabe muƙami da jinsi ya riga ya kira sunanta. Rahotannin tantance kwasa-kwasai da bayanan zaman majalisar malamai ko majalisar gudanarwa ba a ɗauko su a buga sai an yarje maka a fili. Idan shugabanci bai yarda a ambaci sunan makarantar ba, kana iya cewa wata jami'ar jiha a Arewa maso Yamma, ka sanar da edita dalili. Akwai kuma bayanan da an riga an wallafa, kamar kundin alƙaluman jami'o'i da NUC ke fitarwa, da alƙaluman da JAMB ke gabatarwa a taron manufofinta na shekara-shekara, da kasafin kuɗin jiha, waɗanda za su taimaka maka ka kwatanta makarantarku da sauran.

Izini kuwa ba sharaɗin yabo ba ne. Maƙalar da ma'aikaci ya rubuta kan makarantarsa tana saurin komawa tallar shugaba, kuma masu bita suna gane hakan tun daga shafin farko. Ka faɗi a fili cewa kai ma'aikacin wurin ne kuma kana cikin waɗanda suka yi aikin, sannan ka kawo abin da bai yi nasara ba da irin natsuwar da ka kawo wanda ya yi. Ba a neman ka tona asirin kowa ko ka ɗora laifi a kan wani mutum, abin da ake nema shi ne ka nuna inda tsarin ya yi tuntuɓe da dalilinsa, domin a nan ne amfanin mai karatu ya fi yawa. Hakazalika ka bayyana raunin alƙalumanka da kanka. Kai ma ka san adadin waɗanda aka ba gurbi daban ne, na waɗanda suka biya kuɗi daban, na waɗanda suka yi rajistar kwasa-kwasai daban, na waɗanda suka zauna jarrabawa daban. Ka faɗi wanne ka ɗauka, daga wane ofis, a wace rana, da yadda ka yi da shekarar da aka soke ko aka haɗa. Na fi amincewa da marubucin da ya ce alƙaluman shekara kaza ba su cika ba don haka ya cire su, fiye da wanda jadawalinsa ya fito sumul ba tabo.

Tsarin maƙalar kansa ba shi da wuya. Tsakure ya ƙunshi tambaya da hanya da abin da aka gano, da alƙalumansa, kada ya zama alkawarin cewa za a tattauna abu kaza. Gabatarwa ta kai mai karatu ga tambayar cikin shafi ɗaya. Bitar ayyukan da suka gabata ta tsaya ga waɗanda suka taɓo tambayarka kai tsaye, kuma ka karanta duk abin da ka ambata. Kowane jadawali ya amsa abu guda. Shawarwarin ƙarshe su fito daga sakamakonka, su kuma nufi wanda zai iya aiwatar da su, ko kwamitin ɗaukar ɗalibai ne ko ofishin ma'aji. Tun da da Turanci za ka rubuta, ka zaɓi gajerun jimloli da kalmomin yau da kullum, ka ba wanda ba ya cikin fanninka ya karanta, duk inda ya tsaya ka gyara. Idan ka yi amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira wajen gyaran harshe, ka duba abin da mujallar ta ce ka kuma bayyana, ka san cewa ƙungiyar COPE mai kula da ladubban wallafa ta ce ba a sanya irin waɗannan manhajoji a matsayin marubuta, kuma sukan ƙirƙiro manazartar da ba ta wanzu ba, alhakin kuwa a wuyanka yake. Kwafo jimlolin wani ba tare da ambato ba satar fasaha ce ko da daga rahoton hukuma aka ɗauko, kuma mujallu da yawa suna bincikawa da na'ura kafin edita ya karanta.

Ina ba ka shawara ka yi maƙalarka ta farko tare da wani malami daga tsangayar ilimi ko sashen ƙididdiga wanda ya saba da bugawa, domin da ɗan gari akan ci gari: kai kana da bayanai da sanin yadda aka yi, shi yana da sanin muhawarar masana da halin masu bita. Amma ku yi magana tun ranar farko kan wanda zai yi me da jerin sunaye. Al'adar sanya sunan shugaba ko aboki a maƙalar da bai taɓa ba ta yi yawa a tsakaninmu, kuma na san nauyin da ƙaramin ma'aikaci ke ji idan maigidansa ya nuna yana so. Hanya mafi mutunci ita ce ka gayyace shi ya yi aiki na gaske a ciki, ko da sashe ɗaya ne, idan kuwa izini kawai ya bayar, wurinsa shi ne sakin layin godiya.

Batun kuɗi yana buƙatar a rarrabe. Neman kuɗi kaɗai ba ya nuna mujalla ta bogi ce. Mujallu na ƙwarai da ke barin kowa ya karanta kyauta sukan karɓi kuɗin bugawa bayan an gama bita an amince da maƙala, wasu kuma suna yafewa ko ragewa ga marubuta daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi idan aka nema tun lokacin aikawa. Da yawa daga cikin manyan mujallun fannin ba sa karɓar komai idan ka zaɓi hanyar da masu rajista kaɗai za su karanta. Mujallun gida sukan karɓi kuɗin bita da na ɗab'i saboda ba su da wani tallafi, wannan kuwa sananne ne. Abin gudu shi ne mujallar da ke aiko maka wasiƙar yabo ba ka nema ba, tana alkawarin bugawa cikin mako ɗaya ko biyu, tana karɓar maƙala kan noma da likitanci da adabi a fitowa ɗaya, tana da jerin editocin da ba a iya gano inda suke aiki, kuma ba ta taɓa dawo wa kowa da gyara ba. Jerin irin waɗannan mujallu da Jeffrey Beall, wani ma'aikacin ɗakin karatu a Amurka, ya riƙa tattarawa an rufe shi a farkon 2017, don haka kada ka dogara da tsoffin kwafinsa kaɗai. Idan mujalla ta ce tana cikin Scopus ko DOAJ ko AJOL, wato rumbunan intanet da ke jera mujallun da suka tantance, ka shiga rumbun da kansa ka nemo ta, ka kuma tabbatar adireshin intanet ɗinta ya yi daidai da wanda ke rumbun, domin akwai masu kwaikwayon shafin mujallar gaskiya su karɓi kuɗin mutane. Ma'aikatan ɗakin karatu na makarantarku sun san wannan aiki, ka tuntuɓe su. Asarar da ke cikin faɗawa hannun mujallar bogi ta wuce kuɗi: bayanan da ka shafe shekaru kana tarawa sun riga sun fita, mujallar ƙwarai ba za ta sake karɓarsu ba, kuma kwamitin ƙarin girma na iya ƙin lissafa maka su. Idan makarantarku tana cin gajiyar TETFund, ka tambayi ofishin da ke kula da ita ko tallafin bincike na cikin makaranta ya shafi ma'aikata irinka, ko sai ta hannun abokin aikinka mai koyarwa.

Mujalla ɗaya ake aika wa maƙala a lokaci guda, sai ta ba da amsa kafin a kai wata. Edita na iya mayar da ita cikin 'yan kwanaki ba tare da bita ba idan ya ga ba ta dace da mujallarsa ba, kuma wannan sau da yawa hukunci ne kan zaɓen mujalla, bai shafi darajar aikin ba. Idan ta wuce, za a ba masana biyu ko uku, galibi ba su san sunanka ba kai ma ba ka san nasu ba, saboda haka ka cire duk abin da zai nuna ka daga kwafin da ka aika. Jira na watanni abu ne da aka saba, kuma idan lokacin da mujallar ta ambata ya wuce, wasiƙar tuni mai ladabi ba laifi ba ce. Amsar da ta ce a yi babban gyara a sake aikowa labari ne mai daɗi, ko da kalamanta sun yi zafi. Ka bar ta ta kwana biyu, sannan ka jera kowace magana da masu bita suka yi, a gefenta ka rubuta abin da ka canza da shafin da yake. Inda ba ka yarda ba, ka faɗi dalilinka da hujja cikin girmamawa. Wannan yakan faru ga marubutanmu, domin mai bita daga Turai na iya tambayar me ya sa ba ku rage ɗaukar ɗalibai kawai ba, bai san matsin da ke kan makarantar gwamnati a jihar da masu neman gurbi suka ninka guraben da ake da su ba. Irin wannan tambaya tana nuna maka wurin da bayaninka ya gaza, sai ka ƙara jimla biyu a cikin maƙalar kanta, domin mai karatu na gaba ma zai yi ta.

Idan an amince, za a aiko maka kwafin ƙarshe ka duba cikin ƙanƙanin lokaci. Ka bi kowane adadi a jadawali ka gwada shi da asalin fayil ɗinka, domin a wannan mataki ne lambobi ke sauya wuri. Ka karanta yarjejeniyar haƙƙin mallaka domin ka san kwafin da aka yarda ka ajiye a rumbun makarantarku, ka buɗe lambar ORCID, lambar shaidar marubuci a intanet wadda kyauta ce, saboda kada a gauraya ayyukanka da na masu suna irin naka, abin da ke yawan faruwa da sunayenmu. Sannan ka rubuta taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya ka miƙa wa daraktanka da kwamitin da abin ya shafa, idan kuma jami'a kake, ka nemi daraktan ya gabatar da shi a taron CODAPNU na daraktocin tsare-tsaren karatu, inda takwarorinsa daga sauran jami'o'i za su iya gwada lissafin da alƙaluman nasu makarantun.